Turmin da Babu Komai a Ciki

Jikokina sun raɗa mini suna, wai Hajiya Ba-zama. Ba su yi mini ƙarya ba. In na zauna a tabarma sai in ji kamar an zuba mini ƙaiƙayi, in miƙe in nufi zaure, in na je zaure in rasa abin da ya kai ni, in dawo in tsaya a jikin katanga na karkata kai kamar mai jiran kira. Surukata tana ganin tsufa ne, har ta sa ɗana ya kai ni asibiti aka auna jinina. Aka ce ya ɗan hau, aka ba ni ƙwayoyi, ina sha, ban kuwa fasa sintirin ba. Abin da ba su gane ba shi ne saurare nake yi. Tun ina budurwa kunnena ya saba da sauraren bayan katanga, yanzu kuwa babu abin da zai ji sai kukan janareta da hayaniyar 'yan adaidaita sahu. Gidan da ke jikin namu an rushe shi an tayar da na bulo, an sa masa ƙofar ƙarfe. Ko biki suka kwana yi, ko da yunwa suka kwana, ni da ke kusa da su ba zan sani ba, sai dai yara su gani a waya su ba ni labari.

A Yakasai ta zamaninmu gida ba ya ɓuya. Katangun ƙasa ne gajeru, tarin wani ma kana jinsa. Da hantsi ya ɗaga turmi zai fara amsawa daga wancan gidan, na gaba ya karɓa, kafin ka ankara duk lungun ya ɗauka. Kuma kowane daka da muryarsa. Surfe amonsa a danne yake, don an yayyafa wa hatsin ruwa. Ribɗi yana da laushi, dakan fura yana da danƙo kamar taɓaryar ba ta son fitowa, dakan yaji kuwa ba sai an faɗa maka ba, atishawar gidan za ta ba ka labari. In 'yan mata suka samu sarari sai su yi lugude, a cilla taɓarya sama a tafa hannu a cafe, tsofaffi suna faɗa daga ɗaka wai za a fasa musu turmi, alhali su ma ƙafarsu tana bin kiɗan. Tsohuwar da ta san abin da take yi, tana zaune a ɗakinta za ta faɗa maka abin da kowane gida zai ci da daddare. Yaran yanzu in na ba su wannan labarin sai su yi ta dariya, su ce ashe mu ma muna da rediyonmu.

Innata sana'arta ke nan, dakau. Babanmu baduku ne, ya rasu ya bar ni da ƙannena maza biyu da gidan da ruwa ke ci duk damina. Inna ta ce ba za ta kai mu agolanci gidan kowa ba, ta ja turminta tsakar gida ta kama aiki. Gidajen masu hali suna aiko mata gero da dawa a ƙwarya, ta surfe, ta bakace, ta wanke, ta shanya, ta ribɗa, ta tankaɗe, a biya ta ɗan abin da ya sawwaƙa, dusa da tsaki kuma nata ne. Da wannan muka tashi. Ba mu yi ƙiba ba, amma ba mu taɓa leƙa tukunyar wani ba. Mace ce mai barkwanci, doguwa, damatsanta kamar na namiji. In ta ga na yi sanyi a bakin turmi sai ta ce da wannan dakan nawa ko ƙuda ba zai tashi ba, wanda ya aure ni ya shirya cin tsaki. Abu ɗaya ne ba ta wasa da shi, wato a san cikinmu. Takan ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. In za mu fita ko ruwa kawai muka sha sai ta shafa mana mai a baki, ta ce duk wanda ya tambaya a ce an ƙoshi. Addu'arta bayan kowace salla ba ta wuce Allah ya rufa asiri, kuma da gaske take, don ta fi tsoron tonon asiri a kan mutuwa.

Sai aka kawo injin niƙa bakin titi. Ba zan yi ƙarya ba, ni kaina na yi murna, har na bi yara muka je kallo, muna toshe kunne muna dariyar mai injin da gari ya mayar da shi fari fat har gashin ido. Ban kawo a raina cewa abincinmu yake niƙewa ba. Masu aiko da hatsi ba su yanke lokaci ɗaya ba. Wannan ta ce yau sauri take yi, waccan ta ce maigida ne ya matsa a gwada injin, ƙwaryar da ke zuwa kullum ta koma zuwa jefi-jefi. Inna tana cewa za su dawo, garin inji warin ƙarfe yake, tuwonsa ba ya kwana. Wasu tsofaffi kaɗan sun yarda da ita suka ci gaba da aikowa. Sauran ba su dawo ba.

A lokacin akwai wata al'ada da ta mutu yanzu, ta aiken kwano. In an sauke tuwon dare kowane gida zai zuba a kwano a ba yaro ya kai maƙwabta, kuma kwano ba ya komawa haka nan, sai an sa wani abu a ciki ko da ɗan ƙuli-ƙuli ne. Abu ne na zumunci, amma ga wanda ba shi da shi, kowane kwano da ya shigo masifa ce. Inna ba za ta mayar da kwano fayau ba. Sai ta fara kiran dillaliya a ɓoye tana ba ta tasoshin jerenta ɗaya bayan ɗaya, a sayar, ta dafa abin da ya fi wanda aka kawo mana, ta mayar. Mu mu ci na maƙwabta, maƙwabta su ci kayan ɗakin Inna. To ita dillaliya gidajen da za ta kai tallan su ne dai gidajen lungunmu, kuma babu matar da ba ta san tasoshin Inna ba. Da suka gane cewa duk kwanon da suka aiko tasa guda yake ci, sai suka ji tausayinta suka daina aikowa. Su a ganinsu sun sauke mata nauyi. Ita kuwa da magariba ta yi ta ga babu yaron da ya yi sallama, sai ta zauna a bakin murhu ta ce sun gane, sun fara gudunmu.

Ina iya tuna safiyar da abin ya fara. Babu ƙwaryar kowa a gidan, abin da muke da shi ɗan kuɗin ɗinkin hula ne da nake yi, shi kuwa sai ka tsiyaye idonka kafin ka gama guda. Hantsi ya yi, lungu ya ɗauki daka, gidanmu shiru. Na ga Inna tana kai da kawowa tsakanin ɗaki da madafi, ta ɗauki faifai ta ajiye, ta gyara ɗaurin zane ta sake gyarawa. Can sai ta jawo turmi ta zuba ragowar dusa ta hau dakawa. Na ce mata Inna ai dusa ce, ta ce in rufe mata baki, so nake a ji gidanmu shiru kamar an yi mutuwa? Washegari ma haka. Da dusar ta ƙare, don ita muke damawa mu sha, sai ta ci gaba da dakan turmin babu komai a ciki. Duk wanda ya taɓa riƙe taɓarya ya san amon wannan daban ne, ƙwal-ƙwal yake yi a bushe, yana dukan haƙora. Amma daga bayan katanga sai ka ji muryar Gwaggo Mai Koko, tsohuwar da gidanta ke manne da namu, tana cewa sannu da aiki. Inna ta amsa da fara'a, ta ce yawwa, aikin ne ya yi mata yawa kwanan nan.

Da farko da hantsi kawai take yi, in lungu ya yi shiru ita ma ta ajiye. Daga baya ta daina jin shirun. Ta wuce azahar tana yi, rana tsaka da aka hana daka tana yi, tafin hannunta da ya yi kanta shekara da shekaru ya fashe yana jini, ta naɗe da tsumma ta ci gaba. Barci ya ƙaurace mata. Ta daina kitso, matar da ba ta yarda a ga kanta a tsefe. In na sa mata kunu sai ta tura wa ƙannena ta ce ta ci a wajen aiki. Ta fara magana ita kaɗai, tana lissafa gidajen da za a kai wa gari, tana yi mini faɗa wai na bar ƙwaryar mutane a rana. Tsofaffin nan da suka rage suna aiko da hatsi su ma suka janye, don ta jiƙa geron wata ta manta da shi har ya yi tsami, ta mayar wa wata dawa ba a surfa ba. Ka ga rashi ya taɓa mata kai, taɓin kan kuma ya kore ɗan abin da ya rage. Kwanaki na ji wani likita a rediyo yana bayanin wannan da dogon Turanci, wai talauci da ciwon damuwa kowanne yana jawo ɗan'uwansa. Na ce da rediyon sannu malam, ni a tsakar gidanmu na yi wannan karatun.

Yanzu abin yana da suna, yana da asibiti, yana da ƙwaya, ko da yake wanda babu ta haukata ban san da me zai sayi ƙwayar ba. Kuma mutanen yanzu ba sa ɓoye babu. Mutum zai ɗauki hoton tukunyarsa ya watsa wa duniya, ya kira gidan rediyo ya faɗi sunan unguwarsu. Wani lokaci abin yana ba ni kunya, wani lokaci kuma in ce da Inna ta iya rabin wannan rashin kunyar da ta tsira. Ban san wanne ya fi ba, mu da muke jin juna mu yi shiru, ko su da suke ihu babu mai saurare. Na juya wannan tambayar a raina har na gaji, ba ta da gindin zama.

Labari ya kai kunnen Baffa, ƙanin babanmu, mai ɗan teburin koli a kasuwa. Ba mugu ba ne, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai son a ce ya yi. Ya zo ya tsaya a bakin zaure ya kalli Inna tana dukan turmi, ta gaishe shi ba ta tsaya ba. Nan take ya yanke hukunci, ya ce ruwa ba ya tsami banza, mutanen ɓoye ne, dakan rana tsaka ne ya jawo su suka shiga turmin. Aka fara da hayaƙi da rubutu. Inna ta sha rubutun, don shi ne abin da ba za ta iya tura wa yara ba. Da abin bai yi sauƙi ba sai ya ce akwai wani malami a wani ƙauye bayan gari da ke tsare irinsu har su warke. Kowa ya san abin da tsarewar take nufi, marin ƙarfe ne a ƙafa. Na bi shi zaure na durƙusa, na karya dokar Inna a karo na farko a rayuwata.

Na ce, “Baffa, ba aljanu ba ne. Babu ne. Rabon da a ɗora tukunyar tuwo a gidan nan har na manta. A samo mata hatsi ta daka, a bar ta a ɗakinta.”

Fuskarsa ta canza. Ya ce in iya bakina, yarinya da ni zan koya masa ciwo? Ya ce yana raye a garin nan za a ce 'ya'yan wansa suna kwana da yunwa, so nake in zubar masa da mutunci a kasuwa? Sai da na girma na gane abin da ya tsorata shi. In aljanu ne, ƙaddara ce, za a yi masa jaje. In yunwa ce, shi za a zaga. Ya sayar da ragon da yake turke da shi ya kai wa malamin, abin da ya isa ya ajiye mana buhun gero a ɗaka. Har ya mutu yana ganin ya yi wa matar wansa iyakar ƙoƙari, kuma ta wata fuskar ya yi.

Ranar da za a tafi da ita, da hantsi ne. Mota ba ta shiga lungunmu, sai an taka har bakin titi. Baffa ya zo da wata dattijuwa daga danginsu, suka ce wa Inna za a je dubiya ne ƙauye. Ban sani ba ko ta yarda, ko ta gane ta ga babu amfanin gardama. Ta ajiye taɓarya, ta wanke hannu, ta ɗauko mayafinta na zuwa biki, shi kaɗai dillaliya ba ta ci ba. Ni na tsaya riƙe da ƙannena, ina so in yi kururuwa in tara mutane, tarbiyyarta ta hana ni. A bakin ƙofa ta juyo ta ce in kife turmin kada kaji su hau, in masu gero sun aiko in ce ta je unguwa. Na bi su a baya har titi. Lungun da ba ya rabuwa da yara da masu talla, ran nan babu kowa. An janye yara cikin gida, an saki labulen kowane zaure, babu turmi ɗaya da ke amsawa. Kara suka yi mata, kada ta haɗa ido da wani. Ni kuwa shirun nan ya fi mini duka ciwo.

Da magariba sai ga sallama. Yaro da kwano, bayansa wani, bayansa wata. Tuwon dawa, tuwon shinkafa, dambu, fura, har da nama, abin da muka manta ɗanɗanonsa. Kowane yaro an gaya masa ya juye ya dawo da kwanon haka nan, kada ya tsaya. Tsakar gidanmu ta cika da abinci har muka rasa mazubi. Tunda an ce Inna ta haukace, babu sauran asirin da za a rufa, hanya ta buɗe. Ƙannena suka ci har suka kasa tashi. Ni ma na ci, ina ci hawaye yana zuba a miya, ina jin haushin daɗin da yake yi mini. Ashe duk watannin nan abincin yana nan, taku kaɗan daga turminta.

Gwaggo Mai Koko da kanta ta shigo daga baya, tana dogara sanda. Ban gaishe ta ba, ita ma ba ta nemi gaisuwar ba. Na tambaye ta ko sun san turmin babu komai.

Ta ce, “'Yar nan, tun ranar farko. Wace mace ce ba ta san kukan turmin da babu hatsi ba?”

Na ce to me ya hana su.

Ta ce, “In mun aiko, mun ce mata mun ji ke nan. Uwarki kuwa kin san ta. Muka ce a bar ta da mutuncinta, Allah zai kawo mafita. Kullum in na ce mata sannu da aiki, sai na koma ɗaki na yi kuka.”

Na so in tsane ta, abin ya gagara, don na san da Inna ce a bayan katangar wata, abin da za ta yi ke nan.

Inna ta yi damina guda a can. Baffa bai bari na je ba, ya ce ba wurin 'yan mata ba ne. Unguwa ta riƙe mu, ban kuma sake jin kunyar karɓa ba, na ƙoshi da kunya. Bayan an yi girbi aka dawo da ita. Ta rame har wuyanta ya yi tsawo, an aske mata kai, idon sawunta duka biyu da tabon ƙarfe, tana tafiya tana ware ƙafa kamar har yanzu marin yana nan. Ta daina daka, ta daina surutu, ta daina barkwanci. Baffa ya ce an gode Allah, an rabu da su. Mata suka yi ta shigowa yi mata sannu da zuwa, suna tambayarta ya hanya, ya mutanen ƙauye, kamar wadda ta je wankan jego. Ita kuma tana amsawa lafiya lau, suna gaishe ku, tana jan zane tana rufe ƙafafunta.

Da la'asar gida ya watse, ƙannena suka fita, muka rage mu biyu a ɗaki. Na dama mata fura na miƙa, ta karɓa ta riƙe ba ta sha ba. Tana ta kallon bango inda jeren tasoshinta yake a da. Can ta matso kusa da ni, ta rage murya kamar mai tsoron katanga.

“Sun sani?”

Na ɗauka marin take nufi, ko haukan da aka ce ta yi, na fara yi mata maganar ciwon. Sai ta girgiza kai.

“Ba wannan ba. Ciwo na kowa ne. Cewa ba mu da abin dakawa, sun sani?”

Na kalli tabon ƙafarta, na kalli ƙwaryar da ke hannunta. Furar da ke ciki ma daga gidan Gwaggo aka aiko da ita.

Na ce, “A'a, Inna. Babu wanda ya sani.”

Ta sauke numfashi mai tsawo, ta ce alhamdu lillahi. Sannan ta ɗaga ƙwaryar ta shanye tas.